Shin Akwai Na'urar da Ke Gane Maƙaryaci? Darasi a Kan Foligiraf, Manhajojin Waya da Tambayar Wanda Ake Zargi

Yau za mu ɗan kauce daga duba sababbin wayoyi da kwamfutoci, mu taɓa wata tambaya da ake yawan yi a majalisu a nan Gusau, musamman duk lokacin da aka ji an kama wani da zargin yana kai wa 'yan bindiga rahoto: wai babu wata na'ura da za a jona wa mutum ta faɗi ko gaskiya yake yi ko ƙarya, kowa ya huta?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ya san ƙauyukan Bungudu, ya san nauyin kalmar "infoma". Ana liƙa wa mutum ita da safe, kafin la'asar rayuwarsa ta shiga haɗari. Ga kuma infoma na gaskiya, wanda kowace ƙarya da ya sha da ita tana iya zama silar sace mutane. Kuskure ta kowane ɓangare rai yake ci. Shi ya sa ya kamata mu san abin da fasaha za ta iya a nan, da abin da ba za ta iya ba.

Manhajojin da ke cikin Play Store

Mu fara da mai sauƙi. Akwai ɗimbin manhajoji da ke cewa ka ɗora yatsa a kan sikirin, ka faɗi magana, su gaya maka ko ƙarya ce. Sikirin ɗin wayarka bai san komai game da jikinka ba illa wurin da yatsa ya taɓa. Ba ya auna zufa, ba ya auna hawan jini. Duk wanda ya yi wata ɗaya yana koyon rubuta manhaja zai iya haɗa irin wannan cikin yini guda: ka sa hoton zanen yatsa, ka sa layi mai haske yana hawa yana sauka na daƙiƙa biyar, sai ka umarci manhajar ta zaɓi lamba da ka tsakanin 1 da 100. In ta haura 50 ta rubuta "ƙarya", in ba ta haura ba ta rubuta "gaskiya". Wasunsu ma suna da dabarar ɓoye, inda mai wayar zai danna maɓallin ƙara sauti don ya zaɓi amsar da yake so. In ka karanta bayanin da ke ƙasan manhajar za ka ga su da kansu sun rubuta cewa ta barkwanci ce. Abin wasa ne tsakanin abokai, kuma nan ya kamata ya tsaya.

Foligiraf: me take aunawa?

Na'urar da ake gani a fina-finai, wadda ake ɗaura wa mutum wayoyi a ƙirji da hannu, ita ake kira foligiraf. Wani ɗan sanda mai ilimin aikin jikin ɗan Adam, John Larson, ya haɗa ta a garin Berkeley na Amurka a 1921, daga baya Leonarde Keeler ya inganta ta ya mayar da ita abin sayarwa. Abubuwa uku take bi: numfashi, ta wasu bututu biyu da ake zagaya wa ƙirji da ciki, bugun zuciya da hawan jini, ta irin ɗamarar da ake ɗaura maka a dantse a asibiti, sai zufar fata, ta wasu ƙananan ƙarafa biyu a yatsu. Fata mai danshi ta fi busasshiya barin lantarki ya wuce, saboda haka ko zufar da ido bai gani ba na'urar za ta kama ta.

Ku lura da kyau, a cikin ukun nan babu ƙarya. Tashin hankalin jiki kawai ake aunawa. Mai gwajin ne yake duba zanen ya yanke hukunci cewa tashin hankalin nan na ƙarya ne. Tunanin ma tsoho ne. Larabawan ƙauye a yankin Sinai suna da al'adar sa wanda ake zargi ya lashi ƙarfe mai zafi, a kan cewa tsoro yana busar da bakin mai laifi sai harshensa ya ƙone. Foligiraf wannan tunanin ne aka sa wa lantarki. Matsalar kuwa ɗaya ce tun wancan zamani: bakin marar laifi ma yana bushewa.

Ka ɗauki manomin da aka ɗauko daga wani ƙauye a Tsafe, bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, ya kwana a bayan kanta, ya kuma san abin da ake yi wa wanda aka ce infoma ne. Ka tambaye shi, "Kai ne ka kira su?" Zuciyarsa za ta buga kamar ganga ko da bai san komai ba. Shi kuwa wanda ya saba da ganin jini, ya yi shekaru yana cin amana, yana iya amsawa hankali kwance.

Wannan ya faru a zahiri. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya tsallake gwajin foligiraf sau biyu alhali yana sayar wa Rasha asirin ƙasarsa, sai a 1994 aka kama shi. Gary Ridgway ya tsallake gwajin a 1984, aka ƙyale shi. A 2001 gwajin ƙwayar halitta ya tona shi, ya kuma amsa kashe mata 48. Tun a 1923 wata kotu a Amurka, a shari'ar Frye, ta ƙi karɓar sakamakon irin wannan gwaji. A 2003 kuma majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da babban rahoto, inda ta ce gwajin ya fi canki-canka idan ana binciken wani takamaiman laifi, amma ya yi nisa da zama abin dogaro, musamman wajen tace jama'a da yawa don neman mugu ɗaya.

Lissafin da mai sayar da na'ura ba zai yi maka ba

Wannan batun tace jama'a shi ne ya fi shafarmu, don haka mu tsaya mu yi lissafi. Misali ne kawai na ƙirƙira don a fahimta. A ce gari mai mutum 1,000, a cikinsu akwai infoma 10. A ce an kawo na'ura mai kyau sosai, wadda take daidai sau 90 cikin 100. Za ta kama 9 daga cikin infoma goman nan, madalla. Amma sauran mutum 990 marasa laifi fa? Za ta yi kuskure a kan kashi 10 cikin ɗari nasu, wato mutum 99. Yanzu kana da mutum 108 da na'ura ta ce maƙaryata ne, kuma 99 daga cikinsu ba su ji ba ba su gani ba. Cikin kowane mutum goma sha biyu da ta nuna, ɗaya ne kawai mai laifi.

A wata ƙasa, waɗannan 99 za su rasa aikin da suka nema ne kawai. A nan kuwa, inda jita-jita ke riga takarda isa gari, kowa ya san abin da zai iya biyo baya. Duk wanda ya zo maka da na'ura yana cewa "kashi 90", ka tambaye shi kashi goman nan su wane ne.

Na'urorin auna rawar murya sun fi wannan muni. Wani bincike da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ɗauki nauyi, aka gwada shahararrun manhajoji biyu a kan mutanen da aka kama a jihar Oklahoma, aka kwatanta amsarsu kan shan ƙwaya da gwajin fitsari, ya nuna ba su fi jefa kwabo sama ba. Ƙirƙirarriyar basira ma an gwada: tsakanin 2016 da 2019 Tarayyar Turai ta kashe kuɗi a wani shiri mai suna iBorderCtrl, inda kwamfuta ke kallon motsin fuskar matafiyi a kan iyaka, masana da dama suka yi masa ca. Dalilin a fili yake ga mai rubuta manhaja. Kwamfuta tana koyo ne daga misalai. In babu wata tabbatacciyar alama ta ƙarya a fuska, to ba abin da za ta koya sai son zuciyar waɗanda suka tara mata misalan.

Kuma kasuwar tsaro ta saba da 'yan damfara. Wani Bature ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi na'urar gano bam ta miliyoyin daloli, ashe eriya ce kawai a jikin roba, babu komai a ciki. A 2013 aka ɗaure shi shekara goma.

"Ai daga idonsa na gane"

To in na'ura ta gaza, gogaggen jami'i fa? A 2006 masu bincike biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi kan yadda mutane ke gane ƙarya. Matsakaicin sakamako kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya rufe ido ya canka zai samu 50. Kuma waɗanda aikinsu ke nan ba su yi wa sauran mutane wani fintinkau ba. Abin da suka fi mu shi ne yarda da kansu.

An tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce "yana kawar da ido". Bincike bai samu alaƙa tsakanin kawar da ido da ƙarya ba. A wurinmu abin ma ya fi ban dariya, don mu tarbiyyarmu ce. Wane yaro ne mai kunya zai ƙura wa babba ido, balle mai kaki? Bafulatanin da aka rene shi a ruga sunkuyar da kai shi ne ladabinsa, kuma in Hausarsa ba ta nuna ba zai riƙa jinkiri yana laluben kalma. Mai tambayar da ya haddace "alamomin ƙarya" daga bidiyon YouTube zai ga sunkuyawa, ya ga in'ina, ya ce ya kama ɓarawo. Wanda ya zuba maka ido ƙur yana zuba zance kamar rediyo, shi ne sau da yawa ya kamata ka bincika.

Abin da ya fi aiki: bar jiki, bi labari

Ƙarya tana da rauni ɗaya na gaske. Maƙaryaci bai san iyakar abin da ka sani ba, kuma dole labarinsa ya zauna daidai da duniya. Masu bincike a Suwidin, Pär Anders Granhag da Maria Hartwig, sun gina hanyar tambaya a kan wannan. A gwajin da suka wallafa a 2006, ɗaliban makarantar 'yan sanda da aka koya wa hanyar sun gane gaskiya da ƙarya da kusan kashi 85, waɗanda ba a koya wa ba kuwa kusan kashi 56.

Ga yadda take. A ce ana zargin wani ɗan acaɓa da kai wa 'yan bindiga fetur. Abin da mai bincike ke da shi biyu ne: bayanan kamfanin waya sun nuna layinsa ya yi kira daga turken sabis na wani ƙauye a yammacin Laraba, kuma an turo masa kuɗi a daren. Mai gaggawa zai buga tebur ya ce, "Mun ga layinka a wuri kaza, me ka je yi?" Shi ke nan ya ba da satar amsa. Mai laifi zai ce fasinja ya kai, kuɗin kuma bashi aka biya shi, ba ka da yadda za ka yi.

Mai haƙuri zai ajiye hujjarsa a aljihu. Zai ce, "Ba ni labarin ranar Laraba tun daga sallar asuba har ka kwanta." Ya yi shiru ya saurara, ba ya katsewa. Sai ya bi da tambayoyin da ke toshe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ba tare da nuna inda ya dosa ba. Ka fita daga gari ranar? Wayarka tana hannunka duk yini? Ka ba wani aro, ko ka bar ta wurin caji? Layi nawa gare ka? Akwai wanda kake bi bashi? Marar laifi yawanci zai faɗi komai, har da zuwa ƙauyen, don bai ga abin ɓoyewa ba, kuma zai ba ka abin da za ka iya tabbatarwa: sunan fasinja, mai shayin da ya tsaya wurinsa, wanda ya yi masa faci. Mai laifi zai kauce wa ƙauyen, ya ce yana cikin gari, waya kuma ba ta bar aljihunsa ba. Sai a lokacin ake fito da takardar. Yanzu ba zai iya cewa ya ba da aro ba, shi da bakinsa ya rufe wannan ƙofar.

Ko a nan, saɓani ba hukunci ba ne. Mutum yana iya ɓoye inda ya je don zance ya je wurin wadda ba ya so a sani, ko don 'yan bindigar sun yi masa barazana. A yankunan da ake tilasta wa mutane biyan kuɗin noma, wanda ya yi magana da ɗan bindiga a waya ba lallai abokinsa ba ne. Saɓani yana nuna maka inda za ka ƙara tono ne kawai.

Akwai wata hanya kuma da 'yan sandan Japan suke amfani da ita, wadda David Lykken ya tsara a 1959. Tana amfani da na'urar, amma ba ta tambaya "ka yi ko ba ka yi ba". Ana jero abubuwa biyar, ɗaya ne kawai na gaskiya, wanda sai mai laifi da mai bincike suka sani: a ina aka ajiye kuɗin fansa, gindin tsamiya, bakin gada, bayan makaranta, da sauransu. Marar laifi, ko ya tsorata, tsoronsa ɗaya ne a kan duka biyar. Yiwuwar jikinsa ya fi motsawa a kan amsar gaskiya a tambayoyi biyar a jere bisa tsautsayi ɗaya ce cikin 3,125. A ganina wannan ce kaɗai mai ƙamshin kimiyya a cikin dangin foligiraf. Sai dai tana buƙatar sirri, mu kuwa kafin a kai mutum ofis duk bayanin ya gama zagaya WhatsApp.

Bayanan waya da iyakarsu

Kowa a Zamfara ya ga muhimmancin waya a wannan rikici a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe sabis a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu ba su rahoto. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan hulɗar layuka na shekara biyu. Bayanan sun ƙunshi wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, da turken da wayar ta kama. Ba su ƙunshi abin da aka faɗa ba.

Nan ma a yi hattara, don takarda mai lambobi tana da kwarjinin da ya fi ƙarfinta. Turke ba ya nuna gida ko gona. A cikin Gusau, inda turaku suke kusa da juna, zai iya taƙaita maka unguwa. A karkarar Bungudu ko Tsafe turke ɗaya yana ɗaukar kilomitoci masu yawa, kuma mutane kan hau tudu ko dutse don neman sabis, wayar ta kama turken da ke nesa. Sannan layi ba mutum ba ne. Duk da haɗa layuka da lambar NIN da aka fara a ƙarshen 2020, har yanzu akwai tsohon da jikansa ya yi masa rajista, akwai gidan da waya ɗaya ce ta kowa, akwai mai shagon caji da wayoyi talatin ke kwana a hannunsa. Haka mai POS, kuɗin mutane da yawa ke ratsa asusunsa. Hoton sikirin na hira ko na alat kuwa, yaro mai wayar dubu arba'in zai ƙirƙira shi cikin minti biyar. Abin dogaro shi ne bayanin da ya fito kai tsaye daga banki ko kamfanin waya.

Duka ba na'urar gane ƙarya ba ce

Dole a faɗi wannan, don ita ce "fasahar" da aka fi saurin kai hannu gare ta. Wanda ake duka zai faɗi abin da zai sa a daina, kuma in aka ce ya ambaci abokan aikinsa zai ambaci duk sunan da ya zo bakinsa. Ka samu sunaye biyar na bogi, mai laifin na gaskiya yana gida yana shan fura. Ko ba duka, matsin lamba kaɗai yana sa marar laifi ya amsa: a Amurka, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda gwajin ƙwayar halitta ya wanke bayan an ɗaure su, an samu amsa laifin ƙarya a shari'arsu.

Dokar Najeriya ta san da haka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta mayar da azabtarwar kanta laifi. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin magana a kan raunin iƙirarin wanda aka tilasta. Wannan ya shafi kowa da mutum ke fara faɗawa hannunsa, ɗan sanda ne, ko askarawan da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a Janairun 2024, ko 'yan sintirin unguwa, waɗanda aikinsu shi ne su miƙa shi ga hukuma lafiya.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta yi tanadin a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, kuma ana iya naɗar iƙirarinsa a bidiyo. Ingila ta fara naɗar tambayoyin 'yan sanda a kaset tun bayan dokarta ta 1984. A nan ne na'ura take da amfani na gaske, kuma wayar da ke aljihunka ta isa.

In za a yi, a yi shi daidai. A kafa wayar inda za ta ɗauki mai tambaya da mai amsa duka, ba fuskar wanda ake zargi kaɗai ba. A fara da faɗin rana, lokaci, wuri da sunayen duk waɗanda ke ɗakin. A naɗa tun daga tambayar farko har ta ƙarshe ba yankewa, in an tsaya sallah ko cin abinci a faɗi lokacin tsayawa da na dawowa. In da tafinta, a ji muryarsa, don wani mai jin Fulatanci ya iya duba fassarar daga baya. Kada a tura fayil ɗin ta WhatsApp, domin yana matse bidiyo ya kuma goge wasu bayanan da ke jikinsa. A kwafe shi da kebul zuwa kwamfuta. Daga nan a fitar masa da hatimin lissafi na SHA-256, wato jerin haruffa da lambobi 64 da kwamfuta ke samarwa daga abin da ke cikin fayil. In aka yanke ko daƙiƙa ɗaya daga bidiyon, hatimin zai canza gaba ɗaya. A rubuta shi a takarda, mai bincike da lauya su sa hannu, a haɗa da takardar shaidar na'ura da sashe na 84 na dokar shaida ke nema kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta.

A Windows ba sai ka sauke komai ba, akwai umarnin certutil da ke fitar da hatimin. A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi shi mataki-mataki, a kwamfuta da kuma a wayar Android.